Fallata, Takari, Ambororo: Sunan Da Ake Kiranmu Da Wanda Muke Kiran Wasu

Iyayenmu omdodi da shehunan unguwanni, shugabannin ruga, dillalai da fataken shanu, muna yi muku barka da zuwa, mun kuma gode da kuka bar dabbobi a hannun yara kuka amsa wannan kira. Abin da aka ce mu yi magana a kai yau wata gardama ce da ta daɗe tsakanin dattawanmu da samarinmu a ƙauyukan Jazira da na bakin Nilul Azrak, watau maganar sunayen da ake kiranmu da su.

Bari mu fara da sunayen kansu. Fallata daga bakin Barebari ya fito, su ne ke ce wa Fulani Fulata. Da sunan ya shigo Sudan sai aka shimfiɗa shi kan kowa da ya fito daga yamma, Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Bazabarme, duk ƙwarya ɗaya. Takari kuwa, ko Takruni kamar yadda mutanen Hijaz ke faɗa, asalinsa Takrur, wata tsohuwar daula a bakin kogin Senegal. Ambororo shi ake ce wa 'yan'uwanmu masu jajayen shanu masu dogon ƙaho. Kun ga ke nan babu ɗaya da aka haife shi zagi. Amma duk wanda aka taɓa ce wa "ya Fallati" a cikin motar haya, da irin muryar nan, ba ya bukatar malami ya fassara masa.

Dattawa suna cewa a bar zancen, zagi bai taɓa kashe saniya ba, wanda ya zo cin kasuwa ba ya tsayawa gardamar suna. Samari kuma, musamman waɗanda suka yi jami'a a Wad Madani da Hartum, suna cewa a hana faɗin kalmar gaba ɗaya, kamar yadda baƙar fatar Amurka suka yar da sunan Nigro. Akwai kuma na uku da bai kamata a manta da su ba: Fulanin Tulus a kudancin Darfur, waɗanda ke da nazir nasu, suna amsa sunan Fallata da alfahari. In mun ce a binne kalmar, me za mu gaya musu?

Mu dai a namu ganin, dattawa da samari duka sun tsaya kan kalmar, alhali abin dubawa shi ne abin da ke biyo bayanta. Ga misali. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'ar da ta saura, har suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar wajen 1906. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka yi ta tsinkar audugar nan. Da yawansu ba su sami hawasha ba, watau gonar haya ta hukuma, sai aka zaunar da su a kanabi, bukkokin 'yan ƙwadago a gefen magudanan ruwa. To, da aka zo yin dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, sai aka ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ku yi lissafi da kanku: mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Daga nan kalmar Fallata ta tashi daga sunan jama'a ta koma tana nufin baƙo, wanda ba shi da jinsiyya, ba shi da gona, ba shi da bakin magana.

Dokar 1994 ta sauko da wannan iyaka zuwa 1 ga Janairu 1956, amma abin da ke cikin takarda daban, abin da ke cikin kan ma'aikaci daban. Mun taɓa raka wani dattijo wani ofishi neman takarda. An haife shi a nan, an haifi mahaifinsa a nan, Larabcinsa ya fi na wasunmu. Ma'aikacin ya dubi sunan ƙauyensa kawai ya ce wa na kusa da shi, "Fallati ne," sai fayil ya koma ƙasan tebur, aka ce ya kawo ƙarin shaidu. Ba a ɗaga masa murya ba, ba a zage shi ba. Wata huɗu ya yi yana zirga-zirga, ya sayar da bijimi a kan kuɗin mota. Wanda ya ce zagi bai taɓa kashe saniya ba, ga bijimi nan ya tafi.

Wannan ma mai sauƙi ne. A 2008 wata jaridar Hartum ta buga hirar da aka danganta wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, mai nuna cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Hukuma ta musanta, amma sai da jama'a suka fita zanga-zanga a Gadarif da Kasala. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azrak bayan Hausawa sun nemi a ba su imara a tsarin sarautun gargajiya, shugabannin Funj da Hamaj da Barta suka ƙi, suna cewa sarauta tana bin mai ƙasa ne. Sama da mutum 100 suka mutu a Rusairis da kewayenta, dubbai suka bar gidajensu. A Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, sama da 150 cikin kwana biyu. Kowa a nan ya tuna abin da ya riga wuƙa fita: makonni ana ta rubuce-rubuce a Facebook, wannan na cewa baƙi su koma inda suka fito, wancan na mayar da martani da abin da ya fi shi muni. Har ila yau, a Janairun 2025, lokacin da soja ke karɓe Wad Madani daga hannun dakarun RSF, an far wa kanabi da sunan wai mazaunansu 'yan leƙen asiri ne. A Kambo Tayba kaɗai an kashe aƙalla mutum 26. Ba a tambayi kowa abin da ya aikata ba, an dubi fuska da asali ne.

Yanzu kuma sai mu juyo kanmu, ko da ba za a ji daɗi ba. Wancan martani da muka ambata, daga wayoyin 'ya'yanmu ya fita. Mu da ke kukan an ce mana Fallata, me muke ce wa maƙwabtanmu in mun koma cikin gida? Arna muke cewa, ko da mutum yana salla a sahu ɗaya da mu. Wani lokaci har bayi muke cewa, muna aron kalmar nan ta abid wadda ta fi kowace kalma dafi a ƙasar nan. Bafillace ya ce wa Bahaushe kaɗo, Bahaushen gari ya ce wa na daji Bororo yana taɓe baki. Mutanen dutsen Ingassana suna kiran kansu Gaam, mu nawa ne muka taɓa tambayarsu? Shekara da shekaru shanunmu na bi ta gefen gonakinsu a kan hanyar kudu. Yaro ɗan shekara goma da ya tashi yana jin ubansa na ce wa manomi bawa, ran da shanu suka shiga dawa ba zai ga abin ba da haƙuri ba. Daga nan ake fara asarar burtali da mashaya.

Wani zai ce, to, ashe so ake a ɗaure mana baki, ɓarawo ya saci shanu mu kasa faɗa? A'a. Ɓarawo yana da suna, yana da uba, yana da ƙauye. A kira shi da sunansa a gaban omda. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki laifin mutum ɗaya a rataya wa ƙabila. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ɗanɗana wannan: jaridu suka yi ta haɗa sunan Fulani da ɗan bindiga, har makiyayin da bai san komai ba ya kasa shiga kasuwa da sandarsa. Abin da ba mu so a yi mana ke nan, kuma shi muke yi in muka ce "Barta sun sace," alhali yara biyu ne.

Ga samari kuma muna cewa, hana faɗin kalma da doka ba zai fito da fayil daga ƙasan tebur ba. Ma'aikacin nan zai iya daina cewa Fallati ya ci gaba da abin da yake yi. Wanda ke son a kira shi Bahaushe a kira shi Bahaushe, mutumin Tulus da ke son Fallata a bar masa abinsa. Amma ƙarfin da ake ɓatawa a gardamar waya, a kai shi wajen neman wa tsofaffi da mata da yaran ruga rakam watani, lambar ɗan ƙasa, don da yawa takardunsu sun ƙone ko sun ɓace a gudun hijira.

Saboda haka muna roƙon dillalai, tun da ku ne bakin kasuwa, ran kasuwa mai zuwa in baƙo ya kawo dabba ku tambaye shi sunansa da sunan da mutanensu ke kiran kansu kafin a shiga ciniki. Omdodi kuma kowa ya rubuto mana sunayen mutanensa da ba su da takarda kafin shanu su tashi kudu.