Da Idon Gida Ake Karanta Littafi



Da Sakatare ya ce in yi magana a kan adabi da gado, sai da na yi dariya, domin ni aikina fayil ne da takardun ofis. To amma umarnin ƙungiya ba a ƙin sa.

Bari in fara da littattafan da aka sa mu karanta a aji. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, biyu daga littattafai biyar da aka zaɓa daga gida ɗaya suka fito. Gandoki na Malam Bello Kagara ne, Ruwan Bagaja kuwa na ƙanensa Abubakar Imam, dukansu 'ya'yan Malam Shehu Usman, alƙalin Kagara. Malam Bello ya taso a lokacin da Turawa ke cin ƙasa, saboda haka jarumin nasa mayaƙi ne da ya kara da su. Imam an haife shi a 1911, ƙura ta riga ta lafa. Me ya fitar da Alhaji Imam yawon duniya? An yi wa Liman, mijin mahaifiyarsa, ba'a a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, sai yaro ya ɗaura aniyar nemo ruwan nan ko ina yake. Muna yara rikicinsa da Malam Zurƙe kawai muke bi muna ƙyaƙyatawa. Sai da na girma na gane cewa ɗan gidan malamai ne ke ba da labarin yadda ake wanke mutuncin malami.

Yanzu in dawo gidanmu a Gyadi-Gyadi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya saya mana Magana Jari Ce da kuɗinsa. Amma ranar da ya tarar da yayata tana karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, karɓewa ya yi ya jefa cikin akwati ya kulle. A wajensa littafin soyayya ne, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, tunda a 2007 gwamnatin Kano da kanta ta ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a.

Yayata ba ta daddara ba, ta ari wani, ta kai shi gidan Gwaggonmu a Tarauni. Gwaggo ba ta iya karatun boko ba, an cire ta daga firamare aka yi mata aure. Ni aka sa in riƙa karanta mata bayan sallar isha'i. Da muka zo inda aka raba Abu da makaranta aka ba da ita ga tsoho, sai Gwaggo ta ce in dakata. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Wadda ta rubuta wannan ta sha abin da na sha." Ba ta san marubuciyar ba, amma ta yi daidai. Hajiya Balaraba, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, ita ma an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana 'yar shekara 13.

Ku duba fa, Baba da Gwaggo uwa ɗaya uba ɗaya suke, tsakar gida ɗaya ta raine su. Shi ya gaji kishin sunan gida, ita ta gaji abin da aka biya don kare sunan. Ba na ganin laifin Baba, abin da aka ɗora shi a kai ke nan, kodayake a wannan magana ina bayan Gwaggo.

'Yata ta fari bana ta shiga aji ɗaya na sakandare. Kwanan baya na same ta tana karanta wani labari a waya, na ji hannuna ya miƙa zai karɓe, kamar dai na Baba. Na janye shi, na zauna, na ce ta karanta mini daga farko. Har yanzu ba mu gama ba.