Ambaton Madogara a Binciken Tarihin Gwiwa

Ambaton madogara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera malamansa cikin Ida'un Nusukhi. Wajibi ne ɗalibi mai binciken tarihin Gwiwa ya bi wannan sawu. In littafi ne, ya kawo sunan mawallafi, da shekara, da maɗaba'a, da shafi. In fayil ne na gidan adana takardun tarihi da ke Kaduna, ya ba da lambarsa. Ƙarƙashin Lardin Kano zai nemi Kazaure, don sai 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. In kuwa dattijo ya ba shi labari, ya rubuta sunansa, da shekarunsa, da garinsu, da ranar hirar. Ta haka na baya za su iya bin diddigin maganarsa, su tabbatar ko su gyara.