Kafin Mu Sayi Littafi na Farko: Jawabi Kan Sayayya da Haraji a Ɗakin Karatun Garinmu

  

Ginin ɗakin karatu ya kammala, alhamdu lillahi. Abin da ya rage shi ne zuba masa kaya, kuma a nan ne ƙungiyoyi irin tamu suka fi yin tuntuɓe. Mu da muka riƙe makarantu mun ga yadda ake kawo kwali goma a sa hannu a kan ashirin. Mun kuma taɓa karɓar littattafai daga wani ɗan kwangila, ashe na satar fasaha ne, kafin zango ya ƙare duk sun warwatse.

A shekarar 2007 gwamnatin tarayya ta kafa dokar sayen kayan gwamnati, jihohi da dama kuma suka yi tasu daga baya. Kuɗinmu na karo-karo ne, saboda haka wannan doka ba ta hau kanmu ba. Duk da haka muna ba da shawarar mu ɗaure kanmu da ita. Ta ce ko a ƙaramar sayayya a nemi farashi daga 'yan kasuwa aƙalla uku waɗanda ba su da alaƙa da juna. Babbar sayayya kuwa sai an yi shela, kowa ya kawo tandarsa a rufe, a buɗe a bainar jama'a. Wanda za a ba shi ne mafi rahusa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Araha kaɗai ba ta isa ba. Ta kuma haramta daddatsa kwangila don kauce wa tanda. Mun san akwai ɗan garin nan mai kantin littattafai, kuma ɗanmu ne. To, ya kawo tasa ambulan kamar kowa. Wannan ya fi kare masa mutunci a kan a ba shi a ɗaki, gobe a tashi da tsegumi.

Sai batun haraji, inda muke so ma'aji ya kasa kunne. Harajin VAT ya maye gurbin tsohon harajin sayarwa a 1994, a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 a 2020. Amma tun farko an keɓe littattafai da kayan koyarwa, sabuwar dokar haraji ta 2025 ma ba ta ɗora wa mai sayen littafin karatu ko kwabo ba. Kantoci da kujeru da fankoki su ne ake biya wa. Wasu 'yan kwangila, ko da gangan ko cikin rashin sani, sukan haɗa komai a takarda ɗaya su ɗora harajin a kan jimla. Idan littattafan na naira miliyan 2 ne, mun yi asarar naira 150,000 ke nan, kuɗin da zai cika kanta guda da littattafan yara.

Don haka muna roƙon a raba takardar littattafai da ta kayan ɗaki, kada kuma a ba da kuɗin kafin alƙalami ba tare da mai tsayawa ba. Malamai uku su ƙirga kowane kwali, su duba bugu, su buga hatimin ƙungiya kafin a biya. Muna fatan wannan taro zai zaɓi mutanen ukun yau, kafin a tashi.