Ciwon da Ke Rage Saurin Tunani: Jawabi a Taron Shekara



An ce in yi magana a kan aikin gwamnati, amma na roƙi alfarmar in yi ta a kan ciwon da nake fama da shi shekara huɗu ke nan, wanda likitoci ke kira MS a taƙaice. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana shi tun 1868. A ƙididdigar 2020 mutum wajen miliyan 2.8 ke da shi a duniya, mata sun fi yawa, kuma ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, wato tsaranmu.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana cinye rigar nan. Saƙo yakan isa, amma a makare. Kusan rabin masu ciwon yakan taɓa musu tunani, kuma sauri yake fara ragewa. Abin da Malam ya koya mana a aji uku yana nan daram. Sabon abu ne ke wuyar shiga, musamman in ya zo da gaggawa.

A ofis, in an kawo mini fayil ɗaya, zan yi shi tsaf. In mutum uku suka tsaya a kaina, waya na ƙara, sai komai ya cushe. Haka a kasuwar Sabon Gari: mai kaya na faɗin kuɗi, mai kura na neman hanya, canjin da dā nake lissafawa kafin a rufe baki sai na tsaya na ƙirga. Zafi kuma yana tsananta shi. A watan Afrilu, daga gidanmu a Fagge zuwa Kantin Kwari da rana tsaka ya isa ya ɗauke mini sauran yinin.

Wasu sun ce sammu ne, wasu lalaci. Na biyun ya fi ciwo, domin shi ke shiga rahoton ƙarin girma. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ne ya nuna tabon, kuma akwai magungunan da ke rage yawan tashinsa.

Roƙona gare ku, musamman ku da Allah Ya ba shugabancin ma'aikata: in kuna da irina, ku ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a rubuce, ku sa aiki mai nauyi da safe. In kun yi tambaya, ku jira amsa, kada ku ƙarasa masa magana.