Abin Da Ke Kwance Notin Babur, Da Maganinsa

Yau ina so in yi maka magana a kan wani ɗan ƙarfe wanda bai kai girman goro ba, amma ranka yana rataye a jikinsa duk sa'ad da ka hau babur. Watau noti. Kowa ya sani in an ce notin wane ya kwance, ana nufin hankalinsa ya taɓu. Waɗanda suka fara wannan magana ba su yi kuskure ba, gama babur wanda notinsa ya kwance ba ya jin linzami, inda ya ga dama nan zai yar da kai, kai da wanda ka ɗauko a baya.

Kafin mu yi nisa sai mu raba sunaye. Makanikai kan haɗa duka su ce noti, amma abu biyu ne. Akwai doguwar mai kai, wadda za mu kira ƙusa. Akwai kuma ɗan zoben nan mai kusurwa 6 da a ke murɗawa a bakinta, shi ne noti. Tsagin nan da ya kewaye jikin ƙusar yana hawa kamar matakalar hasumiya, shi za mu kira zare.

To, ga abin da yawancin masu babur ba su sani ba. Sa'ad da ka murɗa noti ya kama, ƙusar miƙewa ta ke yi, kamar yadda tsirkiyar baka ke miƙewa. Tana so ta koma yadda ta ke, ba hali, sai ta matse ƙarafan da ke tsakanin kanta da notin. Wannan matsi shi ne dukan riƙon. Ƙusa mai kaurin milimita 8, irin wadda a ke kwancewa da sufana lamba 12 ko 13, in an ɗaure ta daidai, matsinta ya fi nauyin tan ɗaya. Amma miƙewar da ta jawo wannan matsi ƙanƙanuwa ce ƙwarai. In tsawon ƙusar kamar ɗan yatsa ne, miƙewarta ba ta wuce kaurin gashi ɗaya na kanka ba.

Ka riƙe wannan magana ta gashi da kyau. In akwai fenti a ƙarƙashin notin, ko tsatsa, ko ƙwayar yashi, sai ka ɗaure ka ji ya kama, ka tafi abinka. Bayan kwana biyu fentin ya murƙushe, tsatsar ta zube, wurin ya ragu da rabin kaurin gashi. Rabin riƙon ya tafi ke nan, alhali notin ko juyawa bai yi ba. Ko sabon ƙarfe ma yana da 'yan tuddai waɗanda ido ba ya gani, su ma su kan kwanta bayan an fara tafiya. Saboda haka masu ƙera babur su ke cewa a komo da sabo wurin makaniki bayan kilomita 500 zuwa 1000 na farko, a bi notinsa duka. Wanda ya sayi sabon babur ya ce ai sabo ne, ba ruwansa da makaniki, ya yi wa kansa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In matsin ya ragu, sa'an nan girgiza ke samun aikin yi. An daɗe ana cewa girgiza ke kwance noti, amma wanda ya nuna yadda abin ke faruwa sosai wani injiniya ne Bajamushe, sunansa Gerhard Junker, a shekarar 1969. Ya ƙera wata na'ura mai jijjiga ƙarfe biyu da aka ɗaure da ƙusa, yana auna matsin yana raguwa. Ya tarar girgizar da ke bin tsawon ƙusa ba ta cika kwance ta ba. Wadda ke yin ɓarna ita ce ta gicciye, watau mai sa ƙarafan nan biyu su riƙa zamewa a kan juna, hagu da dama. Har yau da irin na'urarsa a ke gwada noti a masana'antu.

Kai ma ka san wannan ko ba ka taɓa jin sunan Junker ba. In kana so ka cire turken doki, ba sama ka ke jansa kai tsaye ba. Girgiza shi ka ke yi gefe da gefe, da kansa zai saki. Zaren ƙusa gangara ne, notin kuwa yana zaune a kan gangaren da kaya mai nauyi, ba abin da ya hana shi sulluɓowa sai kamun da ƙarfe ke yi wa ƙarfe. Duk lokacin da ƙarafan suka zame gefe, kamun nan ya kan saki na ƙiftawar ido, notin ya gangaro kaɗan. Kaɗan ɗin nan ba a bakin kome ya ke ba, sai ka tuna sau nawa a ke yinsa. Baburan da suka fi yawa a ƙasarmu, irin su Bajaj na Indiya da Jincheng na Sin, masu fistin ɗaya ne, injin mai fistin ɗaya kuwa ya fi kowane girgiza. In yana juyi 6000 a minti, sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ka ƙara da gargadar hanyar ƙauye, da buhun masara biyu a baya. Notin da ya fara motsi da hantsi, kafin la'asar yana iya zama a cikin ƙura.

Ashe babban magani shi ne kada ƙarafan su sami damar zamewa tun farko, watau a ɗaure notin har matsinsa ya cika. Amma a nan ne wani zai ce, to, ai da sauƙi, in sa bututu a sufana in taka da ƙafa. Kada ka yi. Tsirkiya in an ja ta fiye da kima ko ta tsinke ko ta saki. Ƙusar da aka wuce da ita iyaka ta kan miƙe ba ta komawa, riƙonta ya lalace ko da ba ta karye ba. Jikin injin kuma alminiyon ne, ya fi ƙusar taushi nesa, kana matsawa sai ka ji sufana ta yi laushi a hannunka, zaren ya cinye. Da yawa an ɓata mazaunin fulogi, da na ƙusar juye baƙin mai, ta wannan hanya, gyaran kuwa ya fi kuɗin notin sau da yawa.

Kowane noti yana da awonsa, yana nan a littafin da a ke ba da shi tare da babur, an rubuta lamba da haruffa Nm a gabanta. A littattafan gyara na Honda, ƙusa ta gama-gari mai milimita 6 awonta 10 ne, mai 8 awonta 22, mai 10 kuwa 34, amma manyan wurare irin gindin taya kowanne da nasa awo dabam. Akwai sufana mai awo, wadda kan yi ƙas in an kai lambar. In makanikinka yana da ita, ka riƙe shi da kyau. In babu, ga yadda za ka kwatanta. Awo 10 a kan sufana mai tsawon santimita 20, kamar ka rataya kilo 5 ne a ƙarshenta. Awo 22 kuwa kamar kilo 11. Ka ga ƙaramar ƙusa ba ta bukatar ƙarfin ƙato. Ba a banza aka yi sufana lamba 10 gajeruwa ba.

Wani abin lura kuma, cikin ƙarfin da ka ke sa wa sufana, kamar kashi 9 cikin 10 yana ƙarewa ne wajen gugar ƙarfe da ƙarfe, kashi ɗaya tak ke miƙa ƙusar. In zaren ya yi tsatsa, sai ka ji ya yi tauri tun ƙusar ba ta miƙe ba, ka ce ta ɗauru. In kuwa ka shafa mata giris inda littafi bai ce a shafa ba, za ka wuce iyaka ba ka sani ba. Sai ka goge zaren da mazaunin notin su fita fes kafin ka ɗaura. Inda noti 4 suka riƙe abu ɗaya, kamar kan babur, kada ka gama da ɗaya ka koma ɗaya. Ka kama su duka sama-sama, sa'an nan ka bi su a gicciye, kaɗan kaɗan, har su cika.

Yanzu sai 'yan abubuwan da a ke ƙarawa don tsaro. Wosha ɗin nan mai tsaga, wadda kowa ke sa wa ya kwanta da rai, ni ban ba ta amana ba. Da zarar an ɗaure notin ta miƙe ta zama kamar wosha ta banza. Hukumar binciken sararin sama ta Amurka, watau NASA, ta faɗi haka a littafinta na noti da ƙusa na 1990, gwajin Junker ma yana nuna haka. Noti mai zoben roba a bakinsa ya fi ta amfani, gama ko ya saki ba ya saurin faɗuwa. Amma robar ba ta jure zafin da ya wuce awo 120, don haka ba a sa shi a salansa, kuma in an kwance shi sau da yawa robar ta kan gaji, in ka ga yana shiga da yatsa kawai sai ka sake sabo. Notin salansa kullum cikin ɗumi da sanyi ya ke, ƙarfen yana buɗewa yana tsukewa, maganinsa a riƙa dubansa in injin ya huce.

Akwai kuma wani ruwa mai kauri da a ke ɗigawa a zare, wanda wani malamin kimiyya na Amurka, Vernon Krieble, ya gano a 1953, aka sa masa suna Loctite. Abin mamakinsa, muddin yana shan iska ruwa ne, in ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda ba iska sai ya daskare, ya cika 'yan ramukan da zaren ke motsi a ciki. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa, a zaren da ba mai a jikinsa, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai bayan awa 24. Ka sayi shuɗi, shi a ke kwancewa da sufana. Jan kuwa sai an gasa shi da wuta har wajen awo 250 kafin ya saki, wanda ya sa shi a ƙaramar ƙusa, ran kwancewa kan ƙusar zai rage masa a hannu.

Wanda na fi so in ja kunnenka a kansa shi ne noti mai tsagogi a ka, wanda a ke zura masa ɗan fil mai ƙafa biyu ta cikin hudar ƙusar, a buɗe ƙafafun. Ana samunsa a gindin taya a baburan da yawa, da kuma a sandar nan da ke riƙe farantin birkin baya kada ya bi taya ya juya. Ni kaina na taɓa kai babur aka yi mini facin tayar baya, yaron da ya mayar da ita ya yar da fil ɗin sandar, ni ma ban duba ba. Bayan 'yan kwanaki ina gangarowa wata gada na taka birki, sai farantin ya juya, sandar birki ta naɗe, tayar ta kafe. Allah ya sa ba gudu na ke yi ba, ba kuma mota a bayana, da gwiwa da gwiwar hannu kaɗai na biya. Fil ɗin da ya jawo wannan ko kuɗin ƙosai bai kai ba. Tun ran nan ba na barin wurin mai faci sai na durƙusa na ga fil da idona. Sabo a ke sawa kowane lokaci, gama wanda aka lanƙwasa aka miƙe ya kan karye. Ƙusar kafinta ko guntun waya ba su maye gurbinsa.

In ƙusa ta ɓace za ka sayi wata, ka dubi kanta. Za ka ga lamba kamar 8.8 ko 10.9, ita ke nuna ƙarfin ƙarfen. Wadda ba lamba a kanta ta yi wa murfi da madubi, amma kada ta je kusa da birki, ko taya, ko mazaunin inji.

Ba kowane noti ne za ka bi kullum ba. Sau ɗaya a mako, da safe tun injin na sanyi, ka dubi na gindin taya gaba da baya, da na sandar birki, da na kan babur, da waɗanda suka riƙe injin, da na farantin haƙora da sarƙa ke hawa a tayar baya, da na matakin ƙafa. In ka ga jar ƙura kamar garin tsatsa ta kewaye noti, alama ce ƙarfen yana motsi a ƙarƙashinsa. Don sauƙin duba, ran da aka ɗaure su daidai ka sami ɗan farin fenti, ka ja layi ɗaya daga kan notin zuwa ƙarfen da ya zauna a kai. Muddin layin yana haɗe, notin bai juya ba. In ka ga ya rabu biyu, kada ka matsa shi kawai ka hau. Ka kwance shi gaba ɗaya, ka dubi zaren ko ya cinye, ka goge mazauninsa, ka ɗaura da awo, sa'an nan ka ja sabon layi.