MUHAMMADU BIN TUGLUK: SARKIN DA YA SAN LITTAFI, YA ZUBAR DA JININ MALAMAI

 

'Yan uwa, daular Musulmi ta Delhi a ƙasar Indiya ta kafu ne a shekarar 1206 a hannun Kutubuddin Aibak, wanda asalinsa bawa ne Baturke, ta kuma ci gaba a hannun gidaje biyar har zuwa 1526. To, a cikin sarakunan nan duka babu wanda ya rikita masu tarihi kamar Muhammadu bin Tugluk, wanda ya yi mulki daga 1325 zuwa 1351.

Hawansa ma da magana. Mahaifinsa Giyasuddin, wanda ya kafa gidan Tugluk a 1320, yana dawowa daga yaƙin Bengal sai aka kafa masa rumfar katako a kusa da Delhi don tarba. Rumfar ta rufto masa, ya mutu. Ibn Battuta ya kawo cewa ɗan ne ya shirya abin, shi kuwa Ziya'uddin Barani, wanda ya yi shekara 17 yana zaman fadarsa, bai ɗora masa ba.

Wannan sarki ba jahili ba ne. Ya san fiƙihu, ya san manɗiƙi da falsafa da lissafi da likitanci, yana rubutu mai kyau, kyautarsa kuwa sai da ta jawo malamai daga Khurasan da Iraƙi da Masar. Yana tsananta maganar salla cikin jam'i, har ana kama mutane a kasuwa idan an tayar da iƙama. An taɓa kai ƙararsa gaban alƙali, ya tako da ƙafa ba makami, ya tsaya aka yanke masa hukunci ya bi. Amma shi ɗin ne dai da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ga gawa a ƙofar fadarsa ba.

A 1327 ya ƙudura mayar da cibiyar mulki Deogiri da ke kudu, ya sa mata suna Daulatabad. Yana da hujja, don ƙasar ta yi faɗi, kudu ba ta juyuwa daga Delhi. Sai dai tafiya ce ta kusan kwana arba'in, aka kuma tilasta wa manyan gari da malamai da shaihunai su kwashi iyalansu su tafi. Da yawa sun mutu a hanya. Masu bincike na yanzu suna ganin ba kowa da kowa aka kwashe ba kamar yadda littattafan farko suka nuna, amma babu mai musun cewa birnin ya ji jiki. Bayan 'yan shekaru kuma ya ce wanda yake so ya koma.

Wajen 1330 sai ya buga kuɗin tagulla, ya ce a karɓe shi daidai da tanka ta azurfa. Bai tanadi hanyar hana jabu ba, saboda haka mutane suka riƙa bugawa a gidajensu suna biyan haraji da shi, fatake suka ƙi karɓa. Dole ya janye, baitulmali ya fanshi tagullar da zinariya da azurfa, na gaske da na jabu baki ɗaya. Ya ƙara wa manoman da ke tsakanin kogin Ganges da Yamuna haraji, suka bar gonaki suka shiga daji, fari ya biyo baya, yunwa ta yi shekaru.

To, a nan ne maganar Shaikh Shihabuddin ta shigo, wani babban shehi ɗan asalin Khurasan. Sarkin yana son malamai da shaihunai su karɓi muƙamai a ƙarƙashinsa. Shehin ya ƙi, aka tsige masa gemu, aka kore shi daga Delhi. Daga baya ya yi masa aiki na ɗan lokaci, sannan ya janye ya haƙa kogo a bayan gari ya zauna. Da sarkin ya sake aika masa, sai ya mayar da amsa cewa ba zai yi wa azzalumi hidima ba. Aka kawo shi fada, aka nemi ya faɗi zaluncin, ya lissafa, har da rusa Delhi da fitar da mutanenta. Aka ɗaure shi, ya yi kwana 14 bai ci bai sha ba, kullum ana kawo shi gaban alƙalai da malamai suna lallashinsa ya janye kalmar. Ku lura da waɗanda suke lallashin, 'yan uwa, masu rawani ne irinsa. Ya ƙi. Aka ɗura masa ƙazanta da ƙarfi, sannan aka fille masa kai.

Shi kansa Ibn Battuta, wanda sarkin ya naɗa alƙali a Delhi, sai da aka sa masa masu tsaro saboda ya taɓa ziyartar kogon. Ya tsira, daga baya aka tura shi jakada zuwa Sin. Shi ne kuma a 1353 ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir.

Ƙasa ta fara ɓallewa. Madurai ta fita a 1335, daular Hindu ta Vijayanagara ta tashi a 1336, Bengal ta bi, sannan a 1347 kwamandojinsa na kudu suka kafa daular Bahmani, Daulatabad ɗin ma ta suɓuce. A tsakiyar wannan ya nemo takardar amincewa daga Halifan Abbasiyya da ke Alƙahira, ya cire sunansa daga kan kuɗi ya sa na Halifa. Takardar ba ta dawo masa da ko lardi ɗaya ba. Ya mutu a watan Maris 1351 kusa da Tatta a ƙasar Sindh yana bin wani ɗan tawaye.

Ɗan baffansa Firuz Shah, wanda ya gaje shi, ya nemo magadan waɗanda aka kashe da waɗanda aka yanke wa gaɓoɓi, ya biya su, ya karɓi takardun yafiya da shaidu, ya zuba a akwati, ya ajiye a kabarin Muhammadu bin Tugluk ta wajen kansa.