Gubar da ake so a mayar magani: iskar gas da ciwon daji

Yau zan yi magana ne kan wani bincike da in ka fara ji za ka ce anya kuwa?

Kun san hayaƙin janareta da ke kashe mutane cikin barci? Iskar da ke cikinsa ita ce kabon monoksaid. To jikinmu da kansa yana samar da ita kaɗan-kaɗan, haka ma naitirik oksaid da haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A 1998 masana uku, Furchgott da Ignarro da Murad, suka ci kyautar Nobel saboda gano yadda naitirik oksaid ke sa jijiyoyin jini su saki.

Ina ruwan wannan da ciwon daji? Ga inda gizo ke saƙa. Naitirik oksaid in ta yi kaɗan, tana iya taimaka wa ƙari ya yi girma. In ta yi yawa a wuri ɗaya, sai ta kashe ƙwayoyinsa. Kuma cikin daƙiƙoƙi take ɓacewa a jiki. Ke nan dole a kai ta har ƙofar ƙarin, a daidai adadi.

Nan polima ta shigo. Polima doguwar sarƙa ce ta sinadarai, dangin roba. Masana kan dunƙule ta ta zama 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ɗaure sinadarin da ke sakin iskar a ciki, wani lokacin tare da maganin kansa irin doksorubisin. Kewayen ƙari ya fi sauran jiki tsami, don haka ake tsara ƙwayar ta buɗe in ta ji tsamin, ko in an haska mata haske. Iskar kuma tana iya raunana famfon da ƙwayar kansa ke tofar da magani da shi.

Amma fa a ji ni da kyau. Yawancin aikin yana ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa a gwajin dabbobi, kusan kashi 0.7 cikin 100 na irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ne ke isa ƙari.

Don haka duk wanda ya tallata muku “maganin gas” a WhatsApp, ku riƙe kuɗinku. Mai jinya ya ci gaba da ganin likitansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.